Kaskon Kaka da Alkakin Sallah

Na roƙi wannan fili ne don in ba da labarin wani abu da ya faru a gidanmu, wanda na daɗe ina jin nauyin faɗarsa. Maganar soye-soyen Sallah ce, amma mai karatu zai ga inda ta kai ni.

Mu da muka tashi a Jonke, da abu biyu muke gane cewa azumi ya shiga goman ƙarshe. Na farko karatun tahajjud da ke tashi daga masallaci cikin tsakar dare. Na biyu ƙamshin man gyaɗa mai zafi da ke bin lungu-lungu bayan an sauko daga asham. A wancan zamani tashar motoci na cike da hayaniya har asuba, 'yan zem masu rawayar riga suna kai da kawowa, amma duk hayaƙinsu bai isa ya danne ƙamshin suyar gidanmu ba.

Kakanmu mutumin Kano ne, fataucin goro ya fito da shi. Ya zauna a Jugu, ya zauna a Paraku, daga baya ya biyo jirgin ƙasa, wanda layinsa ya isa Paraku a 1936, ya sauka a Kwatano. Kalmar zango kanta ma'anarta ke nan, wurin da ayari ke sauke kaya ya huta kafin ya ci gaba. Kakanmu ya sauke kayansa a nan, Allah bai nufe shi da sake ɗauka ba. Cikin kayan da kakarmu ta zo da su akwai wani baƙin kasko na ƙarfe, mai nauyi, mai kunne biyu, wanda yarinya ɗaya ba ta iya ɗaga shi. A cikinsa aka yi suyar garar Goggo, ƙanwar mahaifinmu, kuma a cikinsa mahaifiyata, Inna, ta yi suyar Sallah fiye da shekara 40. Ni sunan kakar aka sa mini, saboda haka Goggo ba ta taɓa kama sunana ba. Tun ina cikin zanen goyo take ce mini Uwata.

Inna tana yin abu biyar, kuma kowane da ranarsa. Da azumi ya kai 20 za mu tafi kasuwar Dantokpa, a auno fulawa da sukari da tongolo, ma'aunin mutanen kudu, a sayi man gyaɗa da riɗi da tsamiya da kayan ƙamshi. Nakiya ake fara yi, domin ita ce mai haƙuri. A wanke shinkafa, a daka ta, a soya garin sama-sama, sannan a mayar turmi a kirɓa da zuma da man shanu da citta da kanumfari da masoro har ta haɗe jikinta. Nakiyar da ta ji daka tana iya yin watanni ba ta canza ba. Bayanta sai cincin, wanda maƙwabtanmu ke kira acomo. Shi aikin yara ne: manya su kwaɓa fulawa da sukari da bota da ƙwai da gyaɗar ƙamshi, su murza da kwalba a kan faifai, mu kuma mu zauna muna yankawa ƙanana-ƙanana har barci ya sace mu. Sai dublan, wanda ake murza kwaɓinsa ya yi falan-falan kamar takarda, a naɗe shi kamar fure, a soya, a tsoma cikin ruwan sukari. Sai gireba, wadda ita ba a soya ta a mai. Fulawa ce da niƙaƙƙen sukari da mai, a danna a cikin ludayi, a barbaɗa riɗi, a gasa. Da yake ba mu da tanda, Inna takan zuba wankakken yashin bakin teku a gindin babbar tukunya, ta ɗora faranti a kai, ta sa garwashi ƙasa da bisa murfi. In aikin ya yi yawa, sai a ɗora wa samari tire-tire su kai gidan burodi, a jira masu burodi su gama, zafin tanda ya sauka, sannan a shigar da namu.

Na ƙarshe shi ne alkaki, kuma shi ba mai taɓa shi sai Inna da Goggo. Ranar 27 ga wata Goggo takan taho daga gidanta da ke kusa da babban masallacin Zango, su shige ɗakin girki su biyu, mu dai sai dai mu ji dariyarsu da ƙarar taɓarya.

Da na girma na fahimci cewa waɗannan abubuwa sun yi doguwar tafiya kafin su iso farantinmu. Alkama da sukari sunayensu daga Larabci suka shigo Hausa. Alkaki ɗan'uwan ka'ak ne, wanda har yau mutanen Masar ke gasawa a Ƙaramar Sallah, gireba kuwa ita ce gurayba da ake yi a Sudan da Masar da ƙasashen Magrib. Sun ƙetare Sahara zuwa Kano da Katsina, suka zama kayan garar amare, sannan iyayenmu suka gangaro da su har bakin teku. A nan kuma suka tarar da abokin gaba da ba su sani ba a arewa, wato laima. A Kano ana iya zuba cincin a kwano a rufe ya yi mako biyu yana ƙaras-ƙaras. A Kwatano iskar teku ba ta barinsa ya kwana uku bai yi laushi ba, balle in Sallah ta faɗo cikin babbar damina, tsakanin Afrilu da Yuli. Shi ya sa muka koyi dabarar matan nan ta ɗura acomo a cikin buteli a toshe bakinsa. Tun watan Sha'aban Inna take tara buteli, a wanke, a kife su a rana har su bushe sarai, domin ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya ɓata aikin dare guda.

Abin da muke ci a gida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake soyawa ba. Sauran na rabo ne. Inna ba ta yi lakwal ba, amma gidaje 26 suna cikin kanta, ba ta taɓa tsallake ɗaya ba. Akwai dangi, akwai gidan liman, akwai Dandawa da Zabarmawa da Yarabawan unguwa, akwai tsofaffin da ba su da mai yi musu, akwai kuma maƙwabtanmu Kirista. Mafi kusa a cikinsu wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Fon, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Duk Sallah ni nake kai mata faranti, ita kuma duk Kirsimeti takan aiko mana da butelin acomo da shinkafa da kaza mai rai, don ta san mu za mu so mu yanka da hannunmu. Da safiyar Sallah, bayan an fitar da zakkar fidda kai, mahaifinmu ya ci dabino mara, ya tafi filin idi, mu kuma kafin azahar mun gama zagaye Jonke da Zango da faranti a ka.

Shekarar da na fi tunawa ita ce 1994. A watan Janairu aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, tamma ɗaya ta Faransa da ake canzawa sefa 50 ta koma 100. Ƙasar nan ba ta noman alkama, duk fulawar da muke ci daga alkamar da jiragen ruwa ke kawowa take, saboda haka farashinta ya tashi tare da na sukari da madarar gwangwani. Wata guda bayan haka azumi ya kama, aka yi Sallah a tsakiyar Maris. Mahaifinmu ya ba da shawara a rage gidajen da ake kai wa. Inna ta ce masa, cikin ladabi, "Malam, a rage faranti dai, kada a rage gida." Haka aka yi. A shekarar ba a yi dublan ba, cincin ɗin ma ba ƙwai, kowane gida ya sami abin da bai fi cikin tafi biyu ba, amma gidaje 26 ɗin nan sai da aka shiga kowanne aka yi barka da Sallah.

Allah ya yi wa Inna rasuwa a ƙarshen 2018. Bayan sadakar arba'in muka zauna rabon kayanta. Ana cikin fito da tukwane sai Goggo ta dafa baƙin kaskon ta ce, "Wannan ba ya cikin gado. Kaskon uwata ne, aro aka ba marigayiya." A shari'a gaskiyarta ce, domin abin aro ba ya shiga rabon gado. Amma ni a lokacin zuciyata ɗanya ce, kuma a idona kaskon nan hannun Inna ne. Na buɗe baki a gaban mutane na ce ashe dama jira ake ta mutu a zo kwasar kaya. Goggo ba ta tanka ba. Ta sa yaro ya ɗauki kaskon, ta gyara mayafinta, ta fita. Magana zarar bunu ce. Tun daga ranar, in mun haɗu a gidan suna ko wurin gaisuwar mutuwa, sai dai sannu da sannu, kowa ya kama gabansa. Tsakanin gidana da nata tafiyar minti goma ce a ƙafa.

Sallar 2019 ta zo a farkon Yuni, ana tsuga ruwa. Na ce a raina zamani ya canza, wa zai zauna yana fama da hayaƙi alhali kantuna cike suke da biskit? Na sayi kwali-kwali na ƙasar waje, masu kyan gwangwani, na aika gidaje goma da na tuna. Kowa ya yi godiya. Washegari dattijuwar maƙwabciyarmu ta leƙo, ta yi mini barka da Faransancinta mai haɗe da Fon, sannan ta ce, "'Yata, na gode. Yanzu na tabbata mamanki ta tafi." Ba da nufin gori ta faɗa ba, idonta ma cike yake da hawaye. Amma kalmar ta zauna mini a ƙirji kamar dutse.

A 2020 na sami uzuri har biyu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun Agustan 2019, ƙwayar alkamar da direbobi ke sauko mana da ita daga Kano ta yi wuyar samu, ga kuma annobar korona da ta taƙaita ziyara. Na ji daɗin uzurin fiye da yadda ya kamata. A 2021, bayan an buɗe iyaka, na ɗaura niyyar yin komai da kaina. Nakiya ta yi, cincin ya yi, dublan da gireba ba laifi. Na zo kan alkaki. Na tambayi ƙawaye, na kalli mata suna yi a waya, na auna komai yadda suka ce. Ina jefa na farko a mai sai ya tarwatse, ya koma tsaki. Na biyu ma haka. Wanda ya tsira kuma tsami ya hana a ci shi. Kilo uku na alkama da lita biyu na mai suka tafi a banza. Na zauna a bakin murhu ƙarfe biyun dare ina kuka, kuma na san ba alkamar nake yi wa kuka ba. Shekara da shekaru ina jin ƙarar taɓarya daga bayan ƙofa, ban taɓa shiga na ce a koya mini ba, don ina ganin Inna tana nan. Yanzu duk Kwatano mutum ɗaya na sani da ke riƙe da wannan aiki yadda gidanmu ke yin sa, kuma ita ce wadda na ci wa mutunci.

Azumin 2022 ya kama a farkon Afrilu, yaƙin Rasha da Yukren ya sake tayar da farashin fulawa da mai, har na fara shirya sabon uzuri. Sai wata rana a wurin tafsiri malam ya yi bayani a kan gaba. Ya kawo hadisin da ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, da wanda ya nuna cewa ana bijirar da ayyukan bayi ranakun Litinin da Alhamis, a gafarta musu, amma a jinkirta wa mutum biyu masu gaba har sai sun shirya. Na ƙirga a raina: shekara uku da wata huɗu. Azumi nawa ke nan, tsayuwar dare nawa? Jikina ya yi sanyi.

Daren 23 ga wata, bayan asham, na ɗauki alkama a ƙwarya da goro da turmin atamfa, na kama hannun babbar 'yata, muka nufi Zango. Na yi sallama sau biyu kafin a amsa. Na tarar da Goggo a kan tabarma da carbi, ta rame, idonta ya fara hazo. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Duk jawabin da na tsara a hanya ya gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Goggo, alkakina watsewa yake yi."

Ta yi shiru har na zaci ba za ta amsa ba. Can ta miƙo hannu ta ce, "Mu ga alkamar." Ta damƙi kaɗan, ta murza, ta kai hanci. Ta ce, "Alkamar ba ta da laifi. Wa ya ɓarza miki waccan?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ya yi miki tsaki irin na kaji. Kuma na san kwana kika bar shi ya yi, irin na mutanen Kano. Nan Kano ce?" Daga nan na samu bakina ya buɗe, na ce, "Goggo, ki yafe mini abin da na faɗa. Na yi kuskure, na yi rashin kunya." Ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tashi, ƙasa da sanyi."

Ranar 27 ta zo Jonke a bayan zem, wani zem ɗin na biye da ita da kaskon a ɗaure. A wannan karon ba a rufe ƙofar ɗakin girki ba. Ga abin da ta koya mana, na rubuta shi don amfanin wadda ke bukata. A wanke alkama, a shanya ta bushe, a kai inji a ɓarza ta tsaka-tsaki, kada ta zama gari, kada kuma ta yi tsaki. A murza ta da mai har kowace ƙwaya ta ji, sannan a zuba nono mai tsami kaɗan da ruwa, a kwaɓa da tauri, a rufe. A arewa lokacin sanyi kwaɓin yakan kwana, har ya wuni. A zafin nan namu da laimarsa, in an kwaɓa da la'asar, to kafin sahur ya tashi, in aka ƙara sai tsami ya yi masa yawa. Sai a zuba ruwan kanwa kaɗan don ya kashe tsamin, a sa a turmi a kirɓa har ya yi danƙo. Wannan kirɓin shi na tsallake, shi ya sa nawa ya tarwatse. A murza kamar igiya, a naɗe, a soya a wuta marar ƙarfi don cikinsa ya soyu kafin bayansa ya ƙone. A gefe kuma a dafa sukari da ruwan tsamiya, domin tsamin ne ke hana sukarin komawa ƙanƙara in ya huce. A ɗiga tsakanin yatsa biyu, in ya ja zare ya yi. A tsamo alkaki daga mai a jefa shi ciki da zafinsa, a bar shi ya sha.

'Yata tana gefe da littafinta na lakwal, tana rubutawa da Faransanci, tana tambayar giram nawa, minti nawa. Goggo ta yi dariya har da tari, ta ce, "Rubuta, 'yar nan, rubutu ba laifi ba ne. Amma ajiye alƙalamin ki sa hannu ki ji, takarda ba ta san danƙo ba." Ta kama hannun yarinyar ta cusa a cikin kwaɓin.

Da aka gama, gab da sahur, na wanke kaskon, na shafe shi da mai, na kira yaro ya kai mata gida. Ta ce a bar shi. Na ce, "A'a Goggo, ai kin faɗa, kuma gaskiyarki ce." Ta dube ni ta ce, "Na ce kaskon uwata ne. To, ke wace ce?" Sannan ta ƙara da cewa, "Aro ne, Uwata, kamar yadda aka ba uwarki. In kin daina suya, ki miƙa wa mai yi." Rabona da jin wannan suna daga bakinta tun ranar rabon kaya.

A daren ne kuma muka zauna, ita tana faɗa 'yata tana rubutawa, har muka dawo da gidajen Inna 26. Wasu masu gidan sun rasu, wasu sun tashi zuwa Kalabi ko Akpakpa, amma 'ya'yansu na nan. Ranar Sallah, 2 ga Mayu, na kai wa dattijuwar maƙwabciyarmu farantinta da kaina. Ta ɗauki alkaki ɗaya ta gutsura, ta daɗe tana taunawa, ba ta ce komai ba, sai ta kama kaina ta rungume.

Ya 'yan'uwana mata, ban rubuta wannan don in haramta wa kowa biskit ɗin kanti ba. Wadda aiki ya yi wa yawa ko jiki ya ƙi, ta saya ta raba, Allah ya ba ta lada, domin Manzon Allah (SAW) ya hori mata da kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta, komai ƙanƙantarsa. Kuma kada suya ta cinye mana dararen goman ƙarshe, a raba aikin, a bar wa ibada rabonta. Roƙona biyu ne. Duk wadda ke da tsohuwa a gida mai wani sani a hannunta, alkaki ne ko nakiya ko wani abu daban, ta shiga ɗakin girkin tun yau, ta shigar da 'ya'yanta, kada ta tsaya a bayan ƙofa kamar yadda na tsaya. Duk wadda kuma ke da gidan da ƙafarta ta daina takawa, ta sa shi a farkon gidajen da za ta kai wa faranti bana, kuma ta kai da kanta, kada ta aiki yaro. Zumunci a ƙafa yake.

Goggo tana nan da ranta, idon ya ƙara rauni, ba ta iya tsayawa a bakin wuta. Duk ranar 27 ga azumi muna aika zem ya ɗauko ta, mu shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakin girki, a riƙa miƙa mata kwaɓin tana taɓawa tana cewa a ƙara kirɓi ko ya isa. Bara 'yata ce ta yi alkakin tun daga ɓarza har tsomawa, Goggo ta ɗanɗana ta ce kanwa ta ɗan yi yawa.

Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba masu rai lafiya, ya karɓi ibadunmu, ya shirya tsakanin duk masu saɓani, ya maimaita mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.